Kuran Daga da Kisan Cazemajou: Ya Tsare Mana Mutunci Ne Ko Ya Jawo Mana?

Malam Habu Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake son mu tattauna da natsuwa, manyanmu da ke zauren nan su sa mana baki. Sunan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga kullum yana bakinmu, ko don babbar lise ɗin garin nan na Zinder da ke ɗauke da shi, amma da an zo kan abin da ya aikata sai mutane su rabu biyu. Wasu sun ce namiji ne da ya ƙi miƙa ƙasar ubansa. Wasu sun ce gaggawa ya yi, kisan da aka yi wa Kyaftin Cazemajou, hafsan Faransa, a 1898 shi ya jawo wutar da ta ci Damagaram shekara guda bayan nan. Ni ina tare da na farko, ga kuma dalilina.

Cazemajou ya iso garin nan a watan Afrilu na 1898, shi da tafintansa Olive da 'yan sojoji baƙar fata kaɗan. Ba nan ya nufa ba, gabas ya dosa, wajen Rabe. To wane ne Rabe a idon mutumin Damagaram na wancan zamani? Shi ne ya ci Borno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya koma Dikwa ya zauna. Bornon da sarakunanmu suka yi shekara da shekaru suna kai wa gaisuwa, ita ya rusa. Kowa ya san in ya gama da can, nan zai waiwayo. Sai ga baƙo da bindigogi ya sauka garinka, ya ci tuwonka, ya ce zai wuce ya ƙulla magana da wannan mutum. Ku nuna mini sarkin da zai raka shi bakin ƙofa ya ce a sauka lafiya. Ranar 5 ga Mayu aka kashe shi, shi da tafintan.

Ban ce kisan baƙo abin yabo ba ne. Cewa na yi sarkin yana da abin da ya gani, kuma ba shi ya kawo Faransa ƙasar nan ba.

Hajiya Zeinabu:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, a nan kam ba na bayanka. Mutum ya shigo garinka, ka ba shi masauki, ka aika masa da abinci, to ya shiga amanarka ke nan, ko Nasara ne ko wane ne. In ba ka yarda da shi ba ka kore shi, ka sa dogarai su mayar da shi ta hanyar da ya fito. Addininmu bai ba mu wannan ba, al'adarmu ma ba ta ba mu ba. Ina girmama Kuran Daga don yadda ya tsaya ya yaƙi Faransawa a Tirmini, amma abin da aka yi wa baƙon nan ban taɓa jin daɗinsa ba tun ina yarinya ake ba mu labarin.

Lawali Zango:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni kuma ta fuskar kasuwa zan duba, don mu 'yan Zango abin da muka gada ke nan. Garin nan da ayari ya yi arziki. Raƙuma su taso daga Tarabulus, su biyo ta Gat da Agadas da Damargu, su sauke a Zango, su ɗauki kirgi da gashin jimina su koma, wasu su wuce Kano. Bafatake ba abin da yake so irin hanya ta zauna lafiya. Akwai attajirai a lokacin, irin su Malam Yaro, da suka fahimci cewa Nasara ba abin wasa ba ne, suka zaɓi a bi su da lalama. Da an bi ta tasu, wataƙila da an yi yarjejeniya, sarki ya zauna kan gadonsa, ba a zubar da jinin da aka zubar ba.

Isufu Ɗan Jami'a:
Baba Lawali, da izininka zan kawo abin da muka karanta. Tun ranar 5 ga Agusta 1890 Faransa da Ingila suka zauna suka ja layi daga Sayi, bakin kogin Kwara, zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Cadi. Arewa da layin na Faransa, kudu na Ingila. Damagaram ta faɗa rabon Faransa shekara takwas kafin Cazemajou ya taka ƙasar nan, kuma ba wanda ya tambayi Sarki ko talaka. A watan Yuni na 1898 suka sake zama a Faris suka gyara layin. Wato an riga an raba gonar, saura shiga.

Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine kuwa, babban abin da aka aiko ta yi shi ne ta kai tafkin Cadi, ta haɗu da wadda ta keto hamada daga Aljeriya da wadda ta taso daga Kwango. Ramuwar jinin Cazemajou ƙari ce a kan aikin. Hanyar Cadi kuma ta nan take, ko mun so ko mun ƙi.

Malam Habu Birni:
Madalla ɗana. Kuma Lawali, ka amsa mini wannan: mutanen Birnin Ƙonni wane Nasara suka kashe? A watan Mayu na 1899 rundunar nan ta shiga garin ta yi kisan da har yau in ana ba da labarinsa jiki ke mutuwa. Ƙauyukan da suka bi ta kansu tun daga bakin kogi, aka ƙone rumbuna, aka kwashe mata, aka rataye 'yan jagora, su wa suka taɓa? Sarauniya Mangu a Lugu ta yi faɗa da su a watan Afrilu, an ƙone garinta. Waɗanda ba su ɗaga ko sanda ba, su ma an ƙone nasu. Mutanen da suka harbe Kanar ɗinsu Klobb ranar 14 ga Yuli, Bafaranshe ɗan'uwansu da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, su ne za su zauna da Sarkin Damagaram su sa hannu kan takarda cikin mutunci?

Lawali Zango:
Ai Voulet da Chanoine ba su iso nan ba Malam. Sojojinsu ne suka kashe su, kabarinsu na Maijirgi, duk mai bin hanyar Tasawa ya sani. Waɗanda suka iso su Pallier da Joalland ne. Da su ana iya magana.

Isufu Ɗan Jami'a:
Shugabanni biyu suka faɗi Baba, amma rundunar ita ce dai, sojojin su ne, bindigogin su ne. Kwana goma sha uku ko sha huɗu ne tsakanin mutuwar mutanen nan da yaƙin Tirmini na 30 ga Yuli.

Baba Alhaji Mato:
Yara, na ga saƙonninku, jikana ke karanta mini, shi ke rubuta abin da na faɗa. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda suka fita Tirmini, yana saurayi, yana riƙe wa ubangidansa doki. Na riske shi da ransa, ya tsufa tukuf. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, sun fita ba wanda ke shakkar za su ci nasara. Me zai sa su yi shakka? Rundunar da Sarki Tanimu, mahaifin Kuran Daga, ya bari ce, da 'yan bindiga, da igwa da maƙeran garin nan suka zuba da hannunsu, da albarushin da ake haɗawa a nan gida, da dawaki cikin lifidi. Wannan runduna ta sha zuwa yaƙi tana dawowa da ganima.

Ya ce abin da ba su taɓa gani ba shi ne mutane su jeru su durƙusa, su yi harbi gaba ɗaya, kafin ka ɗaga kai sun sake, sun kuma sakewa, ba mai tsayawa ɗura bindiga ta baki kamar namu. Doki bai kai gare su ba yake faɗuwa. Ya ce ubangidansa ya ba shi linzamin doki na biyu ya ce ya jira shi bayan wani dutse. Ya jira har rana ta karkata, sai masu gudu ya gani. Da dokin ya dawo gida, ya kai shi ƙofar gidan mutumin ya ɗaure, bai iya shiga ya gaya wa matan ba.

Sarki bai koma ya miƙa wuya ba. Ya fita ya bar birni, aka bi shi, a watan Satumba aka cim masa a Rumji aka kashe shi. Ku yi ta gardamarku, amma ku riƙa sa masa addu'a, shi da waɗanda suka kwanta a wurin nan.

Hajiya Zeinabu:
Allah ya jiƙansu da rahama Baba. Allah ya ƙara maka lafiya.

Saminu Ɗan Magarya:
Amin. Baba, ka yi mini afuwa, zan faɗi abin da ba a cika son ji ba a Birni. Duk lokacin da aka buɗe zancen nan sai a yi ta kirarin Tanimu, ganuwa, igwa, ganima. Ganimar nan su wane ne? Mutane ne. Kakannin wasunmu ne. Ƙasashen Sosebaki, Mirya da Waca da Dungas, da Muniyo, da ƙasashen Daura na wajenmu, ba da fatar baki suka shiga ƙarƙashin Damagaram ba. Ana kai hari, a kwashe mutane, wasu a zaunar da su gandu suna noma, wasu a haɗa su da ayarin da Baba Lawali ke yabo su ƙetare hamada. Kirgi da gashin jimina ya ambata, ya tsallake kaya na uku. Baturen Ingilan nan Richardson da ya zauna garin nan a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ya ga ana shigowa da bayi daga hari. Ganuwar da muke alfahari da guntayenta, hannun wa ya kwaɓa ƙasarta?

Ba na goyon bayan Nasara, abin da suka yi ya fi muni. Amma talakan da ke ƙauyen kudu a 1899, ban tabbata ya yi kuka ba ranar da ya ji an ci Birni.

Malam Habu Birni:
Saminu, ban musa maka ko ɗaya ba. An yi, kuma wanda ya ce ba a yi ba yana ɓoye rabin tarihi. Sai dai ka duba abin da talakan nan naka ya samu bayan 1899. Lanho, wato haraji, a biya da kuɗin Nasara. Aikin tilas, a zo da gardi a tsinci samarin gari a kai su fasa dutse da gyaran hanya, ba lada, abincinma sai wanda uwarka ta ƙulla maka. A ƙwace raƙumi da jaki da hatsi don sojoji. Ƙauyuka nawa suka tashi cikin dare suka tsallaka ƙasar Ingilishi saboda wannan? Kai ɗan iyaka ne, ka fi ni sanin gidajen da rabinsu ke Daura da Kazaure da Gumel. Sai a watan Afrilu na 1946 aka yi dokar hana aikin tilas, wadda Hufuwet Buwanyi na Kwaddibuwa ya gabatar a majalisar Faransa. Kusan shekara arba'in da bakwai ke nan ana abu guda.

Saminu Ɗan Magarya:
Haka ne Malam. Abin da nake so kawai, in za a koya wa yara, a koya masu duka biyun.

Nura Mazaunin Kano:
Salamu alaikum. Ni ɗan Garin Malam ne, Kano nake sana'a. A nan in ka ambaci Damagaram gaban tsofaffi, yaƙin zamanin Sarkin Kano Alu suke tunawa, yadda rundunar Kuran Daga ta zo har Gezawa, kusa da birni. Abin da ke damuna ke nan. A shekarun da Nasara ke matsowa ta yamma da ta kudu, manyan garuruwan Hausa biyu suna ta cin junansu. Dawaki da mazajen da suka ƙare a wannan yaƙi, da suna nan ranar Tirmini fa?

Isufu Ɗan Jami'a:
Yaya Nura, da ba a yi ba da ya fi, amma ban ga zai sauya ƙarshen ba. Kano ta fi Damagaram jama'a da dukiya, ganuwarta ta fi tamu, a watan Fabrairu na 1903 Ingilishi suka ci ta cikin yini guda. Sarki Alu a Lakwaja ya ƙare rayuwarsa. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara. Rabe ma da ake tsoro, a watan Afrilu na 1900 rundunonin Faransa ukun nan suka haɗu suka kashe shi a Kusiri. Bindigar da ke hannunsu ba ta da tamka a duk ƙasashen nan a lokacin.

Lawali Zango:
To ai ka ƙarfafa maganata ɗana. In an san ba za a ci ba, me ya sa za a kai mutane su mutu? Katsina ta karɓi Ingilishi a 1903 ba a harba ko harsashi ba, garin ya tsira.

Malam Habu Birni:
Yawwa, nan nake jiranka Lawali. An gwada hanyarka a garin nan, mun ga inda ta kai. Bayan Tirmini Faransawa suka naɗa Amadu Ɗan Basa, ɗan gidan sarauta, wanda ya yarda ya yi aiki da su. Malam Yaro da ka ambata ya zama na hannun damansu, yana yi masu hidima da dukiyarsa. Shekara bakwai ba su cika ba. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato da na Karma a bakin kogi, hankalin Nasara ya tashi, aka ce an gano makirci a Zinder na kashe Turawan gari. Aka kama Sarki, aka kama Malam Yaro da wasu manya, aka tuɓe Sarki aka kai shi Kwaddibuwa. Ba su ko naɗa wani ɗan sarki ba, sai suka ɗauko Bellama, bawan fada, suka ɗora shi kan jama'a shekaru masu yawa. Gidan Tanimu ya zauna yana kallo. Sai a 1923 Barma Mustafa ya hau.

Wanda ya yi faɗa an kashe shi a Rumji. Wanda ya bi an ɗaure shi an kai shi ƙasar da bai san kowa ba. Katsinan da ka kawo ma, Sarki Abubakar da ya buɗe masu ƙofa, bai daɗe ba suka tuɓe shi. To tsakanin mutum biyun nan namu, ni na san wanda zan so jikokina su riƙa tunawa da shi.

Lawali Zango:
Maganar 1906 ta yi nauyi, ban da amsarta. Amma ina nan kan cewa ran talaka ɗaya da ya tsira ya fi suna a bakin ƙofar lakwal.

Hajiya Zeinabu:
Ni ma duk wannan bai wanke kisan baƙon ba a wurina. Zaluncin da suka yi daga baya nasu ne, za su amsa. Namu kuma namu ne.

Baba Alhaji Mato:
Ku ƙara da Tagama, Sarkin Agadas, wanda ya mara wa Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, baya lokacin da suka tsare Nasara a barikin Agadas, ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917. Daga nan garin aka tashi rundunar da ta je ta ɓalle tsarewar. Da suka kama Tagama, a kurkukunsu ya rasa ransa a 1920. Mutane da yawa na wucewa gindin dutsen bariki ba su san abin da aka yi a samansa ba. Sunan Cazemajou suka sa wa barikin nan tun farko, don kowa ya ɗaga kai ya gani.

Rabi'atu 'Yar Sabon Gari:
Iyayena ina da tambaya. Shin wannan tsohuwar gaba ce ta sa aka ɗauke mana babban birni aka kai Yamai? Haka nake ji ana faɗa a gida.

Isufu Ɗan Jami'a:
Ƙanwata, daga 1911 zuwa 1926 nan ne mazaunin mulkin ƙasar gaba ɗaya. A 1922 aka mayar da ita cikakkiyar ƙasar mallaka, aka kawo Gwamna Brévié, shi ne ya kwashe ofisoshi ya kai Yamai a 1926. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne ruwa. Garin nan kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa kaɗan ne, Yamai kuwa ga kogi a gabanta. Akwai kuma nisa: Yamai ta fi kusa da sauran ƙasashen da suke mulki ta yamma da hanyar teku ta Dahome.

Na ukun shi ne wanda mutanen gida ke nufi. Zinder fuskarta na kallon Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya mutu, fata da dabbobi da gyaɗa duk suka koma kudu. Kuɗin Ingilishi ke yawo a kasuwanninmu, malamai da almajirai da aure duk ta can. Bafaranshe bai ji daɗin zama da fadar mulkinsa a garin da zuciyarsa ke wajen abokin hamayyarsa ba, garin kuma da ya taɓa kashe masa hafsa, aka kuma zarge shi da shirya wani kisan.

Hajiya Zeinabu:
Maganar ruwa kam ba ƙarya suka yi ba, ko da sun fake da ita. Ku maza ba ku san ta kamar mu ba. In bazara ta yi, ƙarfe biyun dare za ka ji yara na jan bido a lungu, an ce famfo ya kawo a unguwar gaba. Ka tarar da layin bido rawaya ya kai tsawon gidaje biyar, kowa ya ɗaura wa nasa tsumma ko zare don ya gane shi, mata na zaune kan nasu suna gyangyaɗi da goyo. Ruwan ya zo siriri, kafin a kai kanka ya ɗauke, sai ka koma neman mai kura, shi kuma ya faɗi kuɗin da ya ga dama. 'Yata ta sha tafiya lakwal ba ta runtsa ba. An jawo daga Gogo da Macaya, an jawo daga Arunguza, an jawo daga Ganaram, an samu sauƙi ba a ce ba, amma gari na ƙaruwa ya fi ruwan. Abin da aka kafa hujja da shi a 1926 har yau muna fama da shi, kusan shekara ɗari. Wannan ya fi ci mini rai bisa ga ina gwamna ke kwana.

Nura Mazaunin Kano:
Wallahi Hajiya. Ga matatar mai a hanyar Tanut tun 2011, ganga dubu 20 a rana aka gina ta ta tace. Mai ya samu hanya daga Agadem, ruwa ma zai samu in an sa kai.

Baba Alhaji Mato:
Rabi'atu, in kina son ki ga halin garin nan a zamanin da na gani da idona, ki tambayi 1958. Ina matashi lokacin. Dugol, shugaban gwamnatin Faransa, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa, i ko a'a kan zama tare da Faransa, ranar 28 ga Satumba. Jibo Bakari, shi ke riƙe da gwamnati, ya ce a'a, a ba mu 'yancinmu yanzu, kamar yadda Seku Ture ya ce a Gine. Garin nan cike yake da 'yan Sawaba, jam'iyyar Jibo, direbobi da teloli da mahauta da 'yan kamasho da matan kasuwa. Sai aka aiko sabon gwamna, Colombani, aka bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, aka zuba sojoji suna zagaya ƙauyuka a mota. Aka ce i ta ci. Jibo ya sauka, Jori Hamani ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba. Bayan tawayen da 'yan Sawaba suka yi a 1964 kuwa, in an san gidanku na Sawaba ne, ko gaisuwa mutane na tsoron yi maku a hanya. Akwai maƙwabcinmu tela da aka zo aka tafi da shi da asuba, kekensa na ɗinki ya yi shekaru a zaure an rufe da buhu, matarsa ta ƙi sayarwa.

Rabi'atu 'Yar Sabon Gari:
Ya dawo Baba?

Baba Alhaji Mato:
Ya dawo, amma idonsa ya lalace, bai sake ɗinki ba. Ɗansa ya gaji keken.

Nura Mazaunin Kano:
Allah sarki. Shi ya sa ranar da Mahamman Usman ya ci zaɓe a watan Maris na 1993 garin nan bai yi barci ba. Ɗan Damagaram, shugaban farko da aka zaɓa a takarar jam'iyyu da yawa. Shekara uku ba ta cika ba Kanar Bare ya kifar da shi ranar 27 ga Janairu 1996. Ni dai ina ganin...

Malam Habu Birni:
Nura, tsaya nan. Abin da ka faɗa tarihi ne, an rubuta, amma in muka ƙara taku ɗaya mun shiga siyasar jam'iyyu, kuma zauren nan akwai ɗan kowane gida. Mu bar shi.

In ana neman ɗan garin nan na wannan zamanin da ya shafi zancenmu kai tsaye, Farfesa Andre Salifu ne, Allah ya sa aikinsa ya amfani na baya. An haife shi nan a 1942. Shi ya bi tsofaffi da takardun Nasara ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo kan Tanimu. Shi ya shugabanci Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ya riƙe zauren nan wata uku da kowa ke tafe da fushinsa. Ya rasu a 2022, jami'ar garin nan sunansa take ɗauke da shi. Yawancin abin da ni da Isufu muka kawo yau, ba don irinsu sun tsugunna gaban tsofaffi da alƙalami ba, da ya bi su kabari. Abin da ya rage shi ne da Faransanci aka rubuta, uwar Rabi'atu da ta ba ta labarin ba za ta iya karantawa ba.

Saminu Ɗan Magarya:
Kuma yawancin tsofaffin da ake zuwa wajensu na fada ne da na Birni. A Waca da Dungas da Kance akwai masu ba da labarin Tanimu da Kuran Daga ta wata fuskar, da sunayen garuruwan da aka tasa da rijiyoyin da aka bari. Akwai wata tsohuwa a danginmu da ke iya jero kakanninta har zuwa wadda aka kama a hari aka kawo Birni, da yadda ɗan'uwanta ya biyo sawu ya fanshe ta da shanu. Isufu, in da gaske karatun tarihi kake, irin waɗannan za ka nema tun suna da rai.

Isufu Ɗan Jami'a:
Da gaske nake Yaya Saminu. Hutu na zuwa, in ka yarda ka kai ni wajenta. Zan ɗauki muryarta da waya in ta amince, in rubuta da Hausa yadda ta faɗa. Baba Alhaji, kai ma ina roƙon a ba ni rana in zo gida, labarin Tirmini da na 1958 nake son ji tun daga farko.

Baba Alhaji Mato:
Ka zo bayan la'asar, ban da Alhamis, ranar ina Kasuwar Dole wajen yarana. Ka taho da Lawali, akwai abin da kakana ya faɗa kan attajiran Zango da ranar da Nasara suka shigo gari, gaba da gaba zan gaya masa.

Lawali Zango:
In sha Allahu Baba, zan zo. Ni ma akwai wasiƙun ajami na fatauci da muka gada a cikin adaka, ba wanda ya iya karanta su duka a gidanmu yanzu. Zan ɗauko su Malam Habu ya duba.